Dosiye Biyu Masu Ruwan Ɗorawa

Gidan Rumji,
Agusta, 1999

Zuwa ga taubashiyata Hamdiya, sakatariyar Agye,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki malamin makaranta, Mushe Musbahu. Ya kuke ji da ruwa? Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya fara fid da kai, waken gonarmu ta Gidan Sori ya rufe ƙasa ruf. Ni kuma ina nan bakin kasuwa ina fama da gwangwanayena, yau fitila gobe mazurari, sana'ar da kike rainawa alhali da fitilata kika yi karatun da ya kai ki aikin ofis, buro in ji ku.

Bayan haka, maganar mahaifiyarki ce, Gwaggo Zulai. Jikinta ƙalau, bakinta ma ƙalau, don ko jiya sai da ta wanke ni tas a kan na bar ƙusoshi a tsakar gida. Idon ne dai. Na kai ta Maraɗi, likita ya duba ya ce ba yana ba ce balle a cire, a dai riƙa ɗiga magani, hasken zai riƙa raguwa a hankali, sai abin da Allah ya yi. Yanzu ta bar zura zare a allura, kuma in mutum ya tsaya daga nesa sai ya yi magana take sanin ko wane ne. Na faɗa miki ne don ki sani, tun da rabonki da gida tun babbar salla.

Amma ba idon ne ya fi damunta ba. Matan unguwa ne ke tambayarta aikin da kike yi, ita kuma ba ta da amsa. Shekaranjiya ta tsare ni ta ce, "Iro, wai mi ɗiyag ga taka yi can Agye? Mai daka an san turmi, mai saƙa an san zare. Kowa yat tambaye ni sai in ce tana buro. Buro aiki na? Ina son in ga abin da yar riƙe min ita tun ido na gani."

Na ce mata ordinatar kike bugawa. Ta ce ya take? Na ce kamar tele ce da aka haɗa da keken rubutu. Ta ce ƙarya nake, ni ma ban taɓa gani ba. Kuma gaskiyarta.

Don haka ki zauna ki kwatanta mana abin nan dalla-dalla, in karanta mata. Ki ba Dikko direba amsar, shi ya kawo miki wannan.

Naki, ko kin so ko kin ƙi,
Iro

*

Agye,
Satumba, 1999

Zuwa ga Sarkin Gwangwani Iro,

Amin wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, Musbahu ma yana lafiya can lakol ɗinsu a Gazawa inda yake koyarwa, yana gaishe ku. Ka durƙusa ka gaishe min da Inna, durƙuso na gaske ba irin naka na tsaye ba.

Da na karanta maganar idon sai da na shiga bayan buro na yi kukana. Wallahi raina yana gida. Amma ka san tun da sojoji suka ce za su mayar da mulki ga farar hula, kowa ya zama mai takarda. Buronmu na manoma ne, sai dai mu kaɗai ke da ordinatar a wannan sashe, shef, wato shugaban buronmu, kuwa ya ba da aronta, kuma ni kaɗai na iya ta sosai. Daga safe gurup, injin wutarmu, na ruri ina bugu har la'asar. Da an jefa ƙuri'a a watan gobe zan taho, in Allah ya yarda.

To ga abin da za ka karanta wa Inna, kuma ban yarda ka ƙara gishiri ba.

Fuskarta gilashi ce kamar ta tele, launinta kamar ruwan tafki mai zurfi. A kan fuskar akwai 'yan hotuna ƙanana, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba. Mafi yawansu dosiye ne, irin jakar kwalin nan da ake zuba takardu a lakol, masu ruwan ɗorawa. Duk abin da na rubuta, cikin ɗayansu nake ajiye shi. Akwai wani ɗan abu mai wutsiya da ake turawa da hannu, ana ce masa ɓera. In na taɓa dosiye da shi sai ya buɗe. In na sa ta neman wata takarda, sai tocila ta fito tana haska dosiye, tana waiwaye kamar mai neman kaza a akurki. In aiki ya yi mata yawa, sai wani ɗan kalangu mai yashi a ciki ya bayyana, ma'ana ka yi haƙuri.

Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne in zan kwafe takarda daga wani wuri zuwa wani. Sai dosiye biyu su fito, ɗaya hagu ɗaya dama. Sai farar takarda ta tashi daga na hagu, ta yi juyi a sama kamar kurciya, ta faɗa na dama. Tana faɗawa wata ta taso. Na hagun nan kuwa ba ya ƙarewa. Ran da na fara gani na zaci aikina ne ke gudu, na yi ihu na kai hannu zan cafke ta a gilashi. Shef ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ado ne kawai aka yi don kada mai jira ya ƙosa. Yanzu manoma in sun zo kasuwa sai su cika taga, suna cewa Madam a tashi tsuntsuwar nan mu gani.

Ka ce wa Inna aikin ɗiyarta ke nan: tana tashin takardu, kuma ba ta taɓa ɓatar da ko ɗaya ba.

Taka mai raina fitila,
Hamdiya

*

Gidan Rumji,
ƙarshen Satumba, 1999

Madam mai tashin tsuntsaye,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an fara yankan gero, kowa bakinsa har kunne. Gwaggo ta ce in rubuta miki cewa ido da sauƙi, kada ki bar aikin mutane. Ta ce in rubuta, ga shi na rubuta.

Na karanta mata takardarki, ta ce in sake, na sake. Wurin da kika kai hannu za ki cafke takarda ta yi dariya har da tari, ta ce halinki ne tun kina rarrafe, komai ya gitta sai kin damƙa. Da ta gama dariya sai ta ce, "Na ji, amma ban gani ba." Kin san dai gani ya kori ji.

Abin ya tsaya min a rai. Ordinatar ba za ta zo Gidan Rumji ba, Gwaggo kuma ba ta jure mota tun tafiyar Maraɗi. Sai na ce to, Iro, ina amfanin almakashinka? Abin da Bature ya yi a gilashi, ni zan yi shi da gwangwani.

Ga dabarar. Na samo ƙafar tsohon keke, na kafa ta a bayan wani allo, rabinta a ɓoye rabinta a sama. Na yanka dosiye biyu daga garwar kananzir, na kafa ɗaya hagu ɗaya dama. Takardun a jikin ƙafar keken suke, kowacce a kan siririyar waya. In aka juya feda da hannu, sai takarda ta fito daga na hagu, ta hau sama, ta nutse a na dama, ta bi ta bayan allo ta sake zagayowa. Kin ga nawa ma ba ya ƙarewa. Ashe asirin Bature bai wuce ƙafar keke ba.

Da farko takarda ta gaske na sa. Na shiga salla na fito, na tarar akuyar Zinariya matata ta cinye aikin ofis ɗin gaba ɗaya, tana tsaye tana kallona da wayar a baki. Yanzu na koma falle-fallen gwangwani, zan shafa musu farin fenti.

Sai ki amsa min waɗannan. Ruwan ɗorawar nan, mai haske ne ko mai duhu? Ki aiko min da abin da zan gwada. Takardar sau nawa take juyi kafin ta faɗa? Sannan laifi ne in dosiyen ya kai girman faifai, ko ma ya fi? Farcen yatsa ba zai yi mana ba a nan.

Ki yi sauri da amsa, kada ki ga kamar wasa nake.

Iro

*

Agye,
Oktoba, 1999

Injiniya Iro,

Gaisuwa da barka da kaka. Alhamdu lillahi da na ji ido da sauƙi! Ka sauke min dutse daga ƙirji, daren nan na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba. Dama na ce maganin Maraɗi ba zai tashi a banza ba.

Maganar akuya kuwa ta zagaye buro. Saliha, wadda nake koya wa bugu, ta ce a kawo akuyar nan mu ɗauke ta aiki, akwai takardun da mu ma muke neman mai cinye mana.

Ga guntun kwali na yanko maka daga dosiyen gaske, ka gwada fentinka da shi. Juyi kuwa ban taɓa ƙirgawa ba, sai ka tambayi kurciya. Girma kuma ka yi yadda ka ga dama, na san ku maƙera, in ba a hango abu daga bakin kasuwa ba ba ku yarda an yi aiki ba. Ko dai so kake ka riƙa karɓar kuɗin kallo ran kasuwa? In haka ne ina da kaso.

An yi zaɓe lafiya. Da ka ga layin mata a nan, har da tsofaffi da sanda, kowa na nuna wa kowa yatsa mai tawada kamar sabon lalle. Musbahu ya kwana biyu muryarsa a dishe don shi ya tsare rumfar zaɓe a Gazawa. Sai dai ba wanda ya yi rinjayen da ake so, za a koma zagaye na biyu a watan gobe, aiki ya dawo sabo. Tun da Inna ta samu sauƙi, na ga gara in ƙarasa musu, in yi azumi a nan, in taho da salla in daɗe. Ka ba ta haƙuri, ka ce ina tafe da turmin atamfa.

Hamdiya

*

Gidan Rumji,
farkon Nuwamba, 1999

Hamdiya,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, rumbuna sun cika. Gwaggo ta ji saƙonki na salla, ta ce Allah ya kai mu, kuma ta ce in ce da sauƙi.

Ordinatar Gidan Rumji ta tashi! Ran Juma'a bayan la'asar na kafa ta a tsakar gida. Kafin in juya feda gidan ya cika, har mata daga bayan masallaci. Da takardar farko ta fito ta hau sama sai guɗa ta kaure, wata tsohuwa ta ja da baya tana a'uziyya. Gwaggo na zaune a kan tabarma kamar uwar biki, tana cewa, "To ku gani, wanga shi na aikin ɗiyata. Ita ka tashin su can, gwamnati na jira." Rabon da in ga haƙoranta waje haka na manta.

Na ɗan yi gyare-gyare daga baya. Na matso mata da shi gaban tabarma. Allon da na yi masa launin ruwan tafki kamar yadda kika ce, na mayar da shi baƙi ƙirin, don dosiyen su fito sosai. Fentin ɗorawar nan kuwa Allah ya yi masa albarka, ta ce duk cikin launuka shi ne ke zuwa mata da kansa ba sai ta nema ba. Farar takardar ce ke ɓace mata in ta hau sama, shi ya sa na ɗaura 'yar ƙararrawar keke a cikin dosiyen dama, kowace takarda ta faɗa sai ta ce ƙilin. Yanzu ba ta kuskure ko ɗaya.

Ita ke juya fedar da kanta da hantsi. Sai dai baya take juyawa, takardu su riƙa fitowa daga dama suna komawa hagu. Na ce, Gwaggo, ba haka na Hamdiya yake yi ba. Ta ce, "Wanne na Agye cikin biyun?" Na ce ai ba Agye a ciki, amma in an ce tilas, sai mu ce na dama, tun da can takardu ke tafiya. Ta ce, "To ƙyale ni, na san abin da nika yi."

Ban da abin da zan ƙara a kan wannan. Ke mai karatu ce.

Iro

*

Agye,
Nuwamba, ana saura kwana kaɗan zaɓe

Iro,

Gaisuwa a taƙaice. Takardarka sai yau ta iso. 'Yan siyasa sun ɗauki hayar motar Dikko, yana ta yawo da lasifika tsakanin Cadawa da ƙauyukan Gazawa, takardar na kwance a aljihun mota har ta yi ƙura.

Na fara karantawa ina dariya, ina nuna wa Saliha wurin guɗa. Da na zo kan ƙararrawa sai dariyar ta tsaya. Iro, wanda ke gani me zai yi da ƙararrawa? Na koma na ɗauko takardarka ta baya. Girman faifai. Ki yi sauri. Ta ce in rubuta, ga shi na rubuta. Komai ka faɗa min, ni ce na tsaya a kan "da sauƙi" don ita nake son ji. Ni da na tashi a gidan nan, na ga Baba yana cewa da sauƙi ana saura kwana ɗaya ya rasu, yau ni ce na ɗauki kalmar nan kamar takardar likita. Zaman buro ya sa na fara karanta magana yadda aka buga ta.

Kai ma ban yafe maka ba tukuna. Na san ba a ƙetare maganar Inna, na san ba a cewa ciwo ya ƙaru, amma da ka ja layi a ƙarƙashi ko sau ɗaya.

Na shiga wurin shef na ce zan tafi gida. Ya ce in bari a gama zaɓe. Na ce masa zaɓe zai sake zagayowa in Allah ya yarda, ai don haka ake wannan wahala, amma ido ba shi da zagaye na biyu. Ya dube ni ya dube ni, ya ce Saliha za ta iya? Na ce in ta ga takarda na tashi kada dai ta kai hannu, sauran duk ta iya.

Jibi zan taso. Gobe ina da aiki wurin tela, kada ka tambaye ni na mene ne. Kada ka faɗa wa Inna ranar, amma ka zaunar da ita a ƙofar gida da hantsi, inda rana ke faɗowa.

Hamdiya

*

Gidan Rumji,
Disamba, 1999

Zuwa ga Dosiyen Agye,

Gaisuwa da barka da shan ruwa, da fatan kin koma lafiya kin tarar da Mushe lafiya. Sunan da na sa miki a sama ba ni na raɗa ba, duk unguwa haka ake kiranki yanzu, sai ki yi haƙuri.

Tun da kin ce in daina ce miki da sauƙi, na daina: ido ba sauƙi. Ya ƙara ja baya tun tafiyarki. Amma mai idon tana cikin walwala, tana azuminta, tana faɗanta, jiya har ta sa Zinariya ta yi mata lalle.

Akwai abin da ba ki sani ba game da ranar da kika zo, don ke kina can bakin hanya, ni ne ke gefenta. Na zaunar da ita a ƙofar gida kamar yadda kika ce, tana ta mita wai na fito da ita shanya kamar kuɓewa. Mutane na wucewa suna gaishe ta, ba ta sanin kowa sai ya yi magana, haka take tun kafin kaka. Sai motar Dikko ta tsaya can wajen bishiyar bedi. Na ga mace ta sauko, zane ruwan ɗorawa, riga ruwan ɗorawa, ɗankwali da mayafi duk ruwan ɗorawa, har na ce a raina wannan wace mahaukaciya ce. Ban ce uffan ba, wallahi. Sai na ji Gwaggo ta damƙe min wuyan hannu, ta ce, "Iro, ga dosiye can ya taso da ƙahwa."

Na ga kin taho ba sallama, kin cije leɓe, na gane so kike ta gane ki kafin ta ji muryarki. Kina kai wajen rijiya ta ce, "Hamdiya ta. Ka ga tahiyar, ta ubanta ta, kamar wadda anka aika." Ta miƙe ba sanda. Sauran kin sani, ke ce kika jiƙa mata kafaɗa, ni kuwa ƙura ce ta shigar min ido, kowa ya shaida.

Da kika tafi na ce mata, Gwaggo, da gaske kin ga fuskarta, ko launin kawai? Ta ce ran da kika zauna gabanta da hantsi ta gan ki sarai, har tabon da ke haɓarki na faɗuwa daga kan jaki, kuma kin yi ƙiba, kuma kwallinki a karkace yake. Ta ce, "Na ga aikin, na ga mai aikin. Abin da yar rage, Allah ya riƙe kayanai."

Ɗankwalin da kika bari ta ɗaure shi a jikin dosiyen hagu. Kullum da hantsi tana juya fedarta baya, na ma mayar mata da ƙararrawar wancan gefen don ta riƙa jin saukarsu. Ta ce in faɗa miki, naku na buro tafiya kawai takardarsa ta sani, namu na gwangwani ya san hanyar gida.

Salla ta kusa. Kada ki yawaita wanke zanen nan ya koɗe, da shi za ki zo.

Naki,
Iro